Ranar da Babbar Rigata Ta Tare Kyamara

Ko da tsufa zai kwashe duk abin da ke cikin kaina, ba zan taɓa mantawa da wata ranar Asabar a filin wasa na Minna ba, ranar da na sa sabuwar shadda shuɗiya na je na kashe wa wani bawan Allah gudunsa, a gaban kwamishina da rabin mutanen gari da uwar da ta haife shi. In na ba da labarin mutane sukan yi dariya har da riƙe ciki, ni ma nakan taya su. Amma tawa dariyar ba ta wuce maƙogwaro.

Malamin wasanni ne ni a wata sakandaren gwamnati, kuma shekara ashirin da biyu ni ne babban mai riƙe agogo a duk wani tsere da aka yi a garin nan. Ina nufin agogon gudu, irin wanda ake dannawa ya tashi a sake dannawa ya tsaya. Nawa yana rataye a wuyana da jar igiya, kuma ba na cire shi sai zan yi wanka. Har gidan suna da shi nake zuwa. Na auna huɗubar limaminmu, na auna dafuwar ƙwai, na auna tsawon lokacin da matata Hajara ke ɗauka tana sallama da maƙwabciya a bakin ƙofa (na kuma yi wautar gaya mata sakamakon, kwana biyu ina cin tuwo ba man shanu). Ɗalibai suka sa mini suna Baba Agogo. A fili nakan ɓata rai in na ji, a zuci kuwa daɗi nake ji kamar an naɗa ni sarauta.

Aikin yana da ƙa'idarsa, kuma duk wanda ya zauna kusa da ni sai ya sha karatunta ko bai tambaya ba. Ba ƙarar bindigar tashin tsere ake jira ba, hayaƙinta ake kallo, domin kafin ƙara ta taso daga mita ɗari ta iso kunnenka masu gudu sun riga sun tashi. Ba da babban yatsa ake dannawa ba, da manuniya ake yi. Sannan ka tsaya daidai saitin layin ƙarshe, ta cikin fili, ƙafar hagu a gaba, ido ɗaya a rufe, ka jira ƙirjin mutum ya taɓa layi. Ina da wurin tsayuwata a filin nan, har ciyawar wurin ta mutu saboda takalmina. Ka riƙe wannan wurin a ranka, za mu dawo gare shi.

Shi kuwa yaron, mu kira shi Ndagi. Banufe ne daga Bida, an kawo shi Minna wajen kawunsa a Shango don ya yi makaranta. Yana aji uku na gano shi, wata safiya da ya makara na bi shi da bulala. Ban yi taku goma ba na tsaya, na yar da bulalar na ciro agogo. Wallahi ban taɓa ganin makararre mai kyawun gudu irin wannan ba. Daga ranar na riƙe shi. Shekara tara muna tare, kullum da sassafe kafin zafin Minna ya fara gasa mutum. Ya cinye jiha, ya cinye Arewa, ya je gasar ƙasa har ya shiga tseren ƙarshe na mita ɗari, aka buga sunansa a jarida, na yanko na manna a ofishina.

Abu ɗaya ya rage masa: a kira shi sansanin 'yan gudun ƙasa. Masu zaɓen 'yan sansanin kuwa sun ce ba za su kira kowa ba sai wanda na'ura ta auna ya yi ƙasa da daƙiƙa goma da ɗigo uku. Na'ura fa, ba mutum ba. Ni a agogona Ndagi ya sha yin goma da ɗigo biyu, amma in na kai takarda sai su yi murmushi su ce ai wannan lokacin yatsa ne. Lokacin yatsa! Yatsan da na yi shekara ashirin da biyu ina horarwa. Sau biyu kacal ya taɓa gudu a gaban na'ura. Na farko ya sauka daga motar Legas da zazzaɓi a jikinsa, na biyu kuma aka yi tseren cikin ruwan sama. Ga shi ya kai shekara ashirin da huɗu, mai gudun mita ɗari kuwa ba ya daɗewa a ganiyarsa. Kawunsa ya samo masa aiki har sau biyu ya ƙi, ya ce a ba shi shekara ɗaya tak.

A cikin wannan shekarar, wajajen dubu biyu da shida ne, aka ce za a yi babbar gasa a Minna, za a ɗauko na'urar haya ta yini guda, masu zaɓe ma za su zo. Ga gida, ga filin da ya saba, ga lafiya. Ndagi ya aika Bida aka taho da mahaifiyarsa, wadda ba ta taɓa ganin yana gudu ba sai dai in ta aike shi.

Ranar gasar na tashi na ciro shaddar nan daga akwati, riga da wando da babbar riga, sitati har tana ƙara. Dalili kuwa, an raɗa mini cewa za a kira tsofaffin ma'aikatan fili su gaisa da kwamishina a ɗauke su hoto. Hajara ta dube ni sama da ƙasa ta tambaye ni ko ɗaurin aure aka mayar filin. Ta ce tunda take ba ta taɓa ganin malamin wasanni ya tafi aiki da babbar riga ba. Na ce mata ba ta san harkar manya ba. Na rataya agogona a kan aikin rigar na fita ina taku ɗai-ɗai.

Na tarar da injiniyan da ya zo da na'urar yana ta haɗa wayoyi. Wani siririn mutum ne Bayarabe, ya ce a Kaduna ya tashi, Hausarsa tana fita ba laifi. Waya ɗaya ta taso tun daga bindigar tashi har zuwa kwamfuta, ga kuma kyamara mai dogon hanci. Ya ce a manyan filaye can sama ake ɗora ta, amma tunda namu filin ba shi da irin wannan gini, sai ya kafa ta a kan tebur ta cikin fili, tana kallon layin ƙarshe. Ya yi mini bayani cewa ba ta ganin komai a duniya sai wannan siririn layin, duk abin da ya gitta ta ɗauka tare da lokacinsa. Na yi ta gyaɗa kai ina taɓe baki. Na tambaye shi in aka ɗauke wuta fa? Ya nuna mini janareta. Na tambaye shi ko ta san bambancin hayaƙi da ƙara. Ya yi dariya ya ce, "Baba, wannan ba ya gajiya, ba ya son kai." Na ji maganar har cikin ƙashina.

Sai shugaban gasar ya tara mu, mu shida masu riƙe agogo, ya yi mana godiya mai tsawo irin wadda ake yi wa wanda za a sallama. Ya ce yau mu huta. Abokan aikina biyar suka sa agogunansu a aljihu suka hau rumfa suna cin gyaɗa. Ni kuwa, saboda girmana da daɗewata, aka ba ni muƙami: ni ne mai tsaron gaban kyamara. Aka ja igiya aka kewaye wurin, aka ce kada in bar ko kaza ta gitta.

To, na yi aikin. Kai, na yi shi har ya wuce kima, domin haushin na'urar nake hucewa a kan mutane. Na kori mai ɗaukar hoto. Na kori wata Bafulatana mai fura da nono da ta ɗan raɓa ta sha inuwar teburin. Har wani kofur na 'yan sanda da ya jingina da igiya sai da na daka masa tsawa, na ce ko bai iya karanta yanayi ba ne, ya koma gefe yana harara ta. Tseren mata ya wuce lafiya, na mita ɗari huɗu ya wuce lafiya. Ina tsaye a bayan igiya ina zufa cikin shadda, ina jiran a kira ni gaisuwa.

Bayan la'asar aka kira tseren ƙarshe na mita ɗari na maza. Su takwas, Ndagi a layi na huɗu. Fili ya yi tsit. Na hango shi can nesa ya durƙusa, ya sunkuyar da kai. Hayaƙi na tashi manuniyata ta danna agogo, ba tare da ta nemi izinina ba.

Na ga gudun Ndagi ya fi sau dubu, amma ban taɓa ganin irin na ranar ba. Tashinsa kaɗai ya isa a ba da labari. Kafin mita hamsin ya bar su, kuma maimakon ya fara ɗaurewa kamar yadda yakan yi wajen mita saba'in, sai ƙara buɗewa yake yi. Daga nan ban san abin da ya faru ba, kuma na rantse har yau ban tuna lokacin da na tsallake igiyar ba. Ƙafafuna dai sun san hanya. Suka kai ni wurin nan da ciyawa ta mutu, inda suka saba kai ni shekara ashirin da biyu, wanda a ranar yake daidai ƙofar hancin kyamara. Na ɗaga hannuwana biyu sama, babbar riga ta baje kamar an shanya zanen gado, ina ihu: "Ƙirji, Ndagi! Sa ƙirji!"

Ya sa ƙirjin kuwa. Ya wuce layi da tazarar da ko makaho zai shaida. Fili ya kaure, na ruga na rungume shi, shi yana haki ni ina hawaye, zufarsa ta jiƙe mini gaban riga. Ya ce mini a kunne, "Malam, na ji shi a ƙafata. Yau ya yi."

Muna nan ana ta murna ana jiran a faɗi lokaci, shiru. Minti ɗaya, minti biyu. Sai lasifika ta yi kaki, mai sanarwa ya ce ana neman dattijon nan mai shuɗiyar babbar riga ya zo teburin na'ura yanzu-yanzu.

Ka san abin da na ɗauka? Na ɗauka lokacin gaisuwa da kwamishina ne ya zo. Allah shi ne shaida. Na gyara zaman hulata, na saɓa hannun riga a kafaɗa, na taho a hankali ina ɗaga wa rumfa hannu. Har da ɗan rusunawa wajen kujerun manya.

Na iso na tarar da shugaban gasa da masu zaɓe biyu sun kewaye kwamfuta, ba mai murmushi. Injiniyan ya juyo da allon wajena. Ban ga masu gudu ba. Abin da na gani wani dogon shuɗi ne, daga wannan gefe zuwa wancan, da wani ɗan zane fari-fari ya ja a tsakiya. Na ƙura ido na gane shi, aikin wuyan rigata ne.

"Baba," in ji injiniyan, "wannan rigarka ne. Tun daga daƙiƙa tara har sha huɗu, rigarka ne kawai. Ba mutum ko ɗaya a ciki."

Makirufo ɗin mai sanarwa kuwa yana kan teburin a kunne. Duk filin ya ji. Dariya ta fara daga rumfar ɗalibai ta zagaye fili. Wani ya ɗaga murya ya tambaya wai wa aka ba tsaron wurin. Kofur ɗin nan ne ya amsa masa, da yatsa.

Ɗaya daga cikin masu zaɓen ya tambaya ko akwai wanda ya riƙe lokacin hannu, ko don a rubuta a takarda. Babu, an sallame su suna cin gyaɗa. Sai wani ya ce ai Baba Agogo ba ya rabuwa da nasa. Duk ido ya dawo kaina. Na sunkuya na duba ƙirjina. Agogon yana tafiya. Ya wuce minti huɗu yana ta tafiya abinsa. Na danna shi a tashi, amma da hannuwana biyu a sama ina ihu, wa zai tsayar da shi?

Nan ne na yi abin da ya fi tare kyamarar muni. Na rufe fuskar agogon da tafin hannuna, na danna, na goge, na ɗago kai na ce, "Goma da ɗigo ɗaya." Mutumin ya rubuta a gefen takarda, ya ce ko ma dai nawa ne, lokacin yatsa ba ya shiga lissafinsu.

Aka yanke shawarar a sake tseren bayan minti arba'in, domin dole na'ura ta kama hanya kafin magariba. Ndagi ya zo inda nake tsaye, ba fushi a fuskarsa, ya ce, "Malam, in sake?" Ni na horar da shi, na fi kowa sanin cewa ya zazzage duk abin da ke jikinsa, ga shi ya riga ya huce, ga shi tun makon da ya wuce yana cewa bayan cinyarsa na ɗan ja. Abin da ya kamata in ce shi ne a'a, mu jira wata dama. Amma kunya ta rufe mini ido, so nake a wanke ni a ranar, kafin mutane su watse. Na ce masa ya sake, ai yanzu ma ya fi zafi.

A karo na biyu can saman rumfa aka zaunar da ni, aka sa kofur ɗin nan a gefena ya tsare ni (ya yi aikinsa da gaskiya, har gefen rigata ya riƙe). Daga nan na kalla. Ndagi ya tashi da kyau, yana gaba har mita sittin. Sai na ga ya yi tsalle sama kamar ya taka garwashi, ya kai hannu bayan cinyarsa, ya faɗi a kan layinsa. Sauran bakwai ɗin suka wuce. Kyamara ta ɗauke su tsaf, hoto mai kyau, kowa da lokacinsa.

Ana ɗauke shi a kan makara irin ta asibiti, sai ga mahaifiyarsa ta nemo ni cikin mutane. Ba ta fahimci abin da ya faru da na'urar ba, ita dai ta ga ɗanta ya ci na farko, ya faɗi a na biyu. Ta miƙo mini ƙunshin busasshen kifi da ta taho mini da shi daga Bida, ta rusuna ta ce, "Malam, an gode. Ka yi ƙoƙari da yaro." Na karɓa. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Kifin nan har ya ƙare a gidana ban iya sa shi a baki ba.

Tsokar ta yage sosai. An yi na asibiti an yi na gida, ya dawo fili bayan shekara, amma ƙafar ba ta sake yarda da shi ba. Sau biyu na je duba shi a Shango, ina zaune ina kallon ƙasa, daga nan na daina zuwa, ina ce wa kaina aiki ne ya yi yawa. Ɗalibai suka canza mini suna daga Baba Agogo zuwa Baba Labule. Na ajiye riƙe agogo a ƙarshen zangon. Lambar da na ƙirƙira kuwa ta bazu a gari. A wajen masu shayi, a tashar mota, sai ka ji ana cewa ai Minna ta taɓa yin yaron da ya yi goma da ɗigo ɗaya, wani tsoho ne ya tare hoton. In na ji sai in ƙara sauri.

Shekara bakwai ina kauce masa. Na ji an ce ya buɗe wurin faci a Sauka Kahuta, don haka na daina bin wannan hanyar, ko da kuwa zagaye zai ci mini rabin awa. Ranar da Allah ya nufa, na kai gaisuwar rasuwa unguwar, tayar babur ɗina ta baya ta sace a bakin titi. Na tura zuwa rumfar faci mafi kusa ban ɗaga kai ba. Sai na ji an ce, "Malam! Sannu da zuwa."

Ya yi ƙiba, yana ɗan ɗingishi in ya tashi da sauri. Ya durƙusa ya gaishe ni kamar jiya muka rabu, ya goge benci da hannun rigarsa ya ce in zauna. Ina zama idona ya sauka a kan bangon rumfar. Kusa da kalanda, cikin leda, ga dogon shuɗin nan da zanen fari a tsakiya. Ashe ya roƙi injiniyan ya buga masa a takarda. Ya ga inda nake kallo ya ce shi ke nan hoton da yake da shi na gudun, yana nan a bayan rigar, in an duba da zuciya.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na gaya masa komai. Na ce ban tsayar da agogo ba, lambar nan daga kaina na ciro ta, ba wanda ya san abin da ya yi a ranar sai Allah. Na ce kuma na san bai kamata ya sake ba, don kaina na tura shi. Na nemi ya yafe mini, ina magana ina share ido da hula, tsoho da ni, a bakin titi.

Bai daina aikin tayar ba. Ya tsoma tib a ruwa yana neman inda ke huci, sannan ya ce, "Na sani, Malam. Ai da ka rungume ni agogon yana tsakaninmu. Da muka saki juna na gan shi yana tafiya."

Na tambaye shi to me ya hana shi faɗa duk shekarun nan.

"Sansani ban je ba, ƙafa ta tafi, hoto ga shi nan," in ji shi. "Lambar nan taka ita kaɗai aka bar mini. In na ƙaryata ka, me zan gaya wa 'ya'yana?" Ya ɗago ya dube ni. "Na yafe tun tuni. Amma don Allah kada ka je ka gyara maganar a unguwar nan."

Ya ɗaura tayar ya buga mini iska, ya raka ni har bakin kwalta. Ban iya tayar da babur ɗin ba sai a bugu na huɗu.

Abin da na koya bai da yawa, kuma na koye shi a makare. In aka ba ka tsaron wuri, kafin ka daka wa mai fura tsawa, ka fara neman wanda zai riƙe maka gefen riga. Shaddar nan Hajara ta yanka ta yi wa tagar ɗakin girki labule da ita, ta ce tunda dama sana'ar rigar ke nan. Agogon yana cikin akwati, ƙwai kuma da ka nake dafa shi yanzu, wani lokaci ya yi wani lokaci bai yi ba.

Na ce mu kira shi Ndagi ne don ba sunansa ke nan ba. In kai ɗan Minna ne har ka gane shi, tayarka ta kai ka rumfarsa, ka ga yaransa suna nuna maka wani shuɗin hoto a bango, to ka rufa mana asiri ni da shi. Goma da ɗigo ɗaya ya yi.